Yaron da Ya Yi Shiru a Bayan Aji

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar a taron reshe na farkon zangon karatu



Shugaban reshe da sakatarensa, shugabannin makarantu, iyayenmu na kwamitocin SBMC da suka amsa gayyata, 'yan uwa malamai maza da mata, barkanmu da war haka. Mun ga waɗanda suka yi sammako daga Toranke da Gafasa da Kunkurawa da Balare, da baƙinmu na reshen Gaya. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Mun san yawancinmu sun zo ne don su ji inda aka kwana a kan ƙarin girma da kuɗin hutu, kuma za a zo wurin. Amma kwamiti ya roƙi a ba shi 'yan mintoci a kan wata magana mai nauyi a baki, wadda ba mu saba yin ta a taro ba, wato yadda ɗalibi kan kai ga tunanin kashe kansa, da abin da malami zai iya yi kafin a kai ga haka. A garuruwanmu idan irin wannan ta faru ba a kiran ta da sunanta. Sai a ce tsautsayi ne, ko jifa aka yi masa, ko iska ce ta taɓa shi. Dangi su rufe don kunya, maƙwabta su yi kara, mu kuma mu ja layi a kan sunan a rajista, aji ya ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 700,000 ne ke hallaka kansu kowace shekara, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki suke, irin tamu. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29 yana cikin manyan abubuwa huɗu da suka fi cin rai. Tun shekarar 2003 aka ware 10 ga Satumba don tunatar da duniya wannan batu. Saboda haka masu cewa ciwon Turawa ne, ko na 'ya'yan masu kuɗi da hutu ya yi wa yawa, su sake lissafi. Shekarun da aka ambata kuwa sun haɗa da na 'yan ajin SS1 zuwa SS3 da ke zaune a gabanmu kullum.

Bari mu ba ku labarin abin da ya sa muka ɗauko zancen. Ba za mu faɗi makaranta ba, ba za mu faɗi suna ba. Wani yaro ne ɗan SS2, mai ƙoƙari a lissafi, wanda ba ya wuce na biyar a aji. Mahaifinsa ya rasu da damina. Aka dawo hutu, yaro ya koma bencin baya. Ya fara makara, ya fara barci a aji, littafinsa babu aikin gida. Me muka yi? Abin da muka iya: bulala a bakin ƙofa, durƙuso a rana, da faɗa a gaban 'yan uwansa cewa ya lalace. Da sakamakon jarrabawar Qualifying ya fito bai samu ba, wanda ke nufin sai gidansu sun biya masa kuɗin NECO, gidan da hatsin shekara ma bai ishe su ba. A makon nan ya ba abokinsa kalkuletarsa da littafin Physics, ya biya bashin naira ɗari biyu da mai sayar da awara ke bin sa, ya bi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya yana cewa su yafe masa. Wani daga cikinmu har ya yaba, ya ce yaro ya shiryu. Abokin nan ne hankalinsa bai kwanta ba, ya je ya sami malamar Hausa a ofis, ya ce, "Malama, wallahi maganganunsa ba su yi mini ba." Malamar ta ajiye makin da take yi, ta sa aka kira shi, ta zauna da shi har bayan la'asar, ta kuma raka shi gida da kanta ta sami kawunsa. Yaron yana raye, ya gama makaranta. Amma wata huɗu yana nuna mana halin da yake ciki, mu goma sha wani abu muna shiga ajin, kuma ba mu muka gane ba.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da ya kamata malami ya sa wa ido shi ne sauyi. Yaro mai shiru tun asali ba shi ne abin tsoro ba. Mai surutun da ya yi tsit, mai ƙoƙarin da makinsa ya zube cikin zango ɗaya, mai tsaftar da ya daina wanke riga, mai son ƙwallon da ya daina fita fili, waɗannan su ne abin tambaya. Wani ba shiru zai yi ba, faɗa zai tsiro da shi da taurin kai, domin a wurin samari baƙin ciki sau da yawa da rigar fushi yake fitowa. Wata kuma kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki, an je kemis an sha magani babu sauƙi, don yaranmu ba su saba cewa "raina ne ba daɗi" ba, jiki suke kai ƙara. Sai kuma maganar baki: "Gara ma in mutu in huta." "Na zame wa kowa kaya." "Kun kusa daina ganina." Irin waɗannan kalmomi sun yi yawa a bakin mutanenmu har sun zama kamar gishirin magana, shi ya sa muke jin su mu wuce. Idan suka fito daga bakin yaron da halinsa ya riga ya sauya, kada a wuce. Haka rabon kaya, da neman yafiya ba gaira ba dalili, da natsuwar da ke zuwa farat ɗaya bayan doguwar damuwa. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ruɗin mutane, domin takan zama natsuwar wanda ya riga ya yanke shawara.

Akwai kuma yaran da ya kamata a riƙa duba su tun ba su nuna komai ba: wanda ya taɓa yunƙurin cutar da kansa, domin babu alamar da ta kai wannan ƙarfi, wanda aka yi wa rasuwa ko iyayensa suka rabu, 'yar riƙo da agola da ba a jin daɗin zama da su, mai farfaɗiya ko sikila da 'yan aji ke tsokana, wanda ya fara shan ƙwaya ko sirop, da yarinyar da wani babba ya ci zarafinta ta rasa wanda za ta gaya wa. Ba abu ɗaya ke kai mutum ga wannan hali ba. Kaya ne ake ta ɗora masa, sai wani ƙaramin abu ya zo ya zama na ƙarshe, mutane su ce ai saboda an hana shi waya ne, ko saboda an yi masa faɗa.

To idan mun ga alama, sai me? A nan yawancinmu muke tsayawa, saboda tsoron kada mu ambaci abin mu sa wa yaro tunanin da babu shi a ransa. An bincika wannan tsoro. A shekarar 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Kolombiya da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗalibai fiye da 2,000 a makarantun sakandare na jihar New York ta Amurka. Suka tarar tambayar ɗalibi kai tsaye ba ta ƙara masa damuwa ko tunanin kashe kai ba, har ma waɗanda suka fi shiga hatsari sun ɗan sami sauƙi da aka tambaye su. Wanda ya daɗe yana ɗauke da abu shi kaɗai, ranar da wani ya kira abin da sunansa ba tare da ya zabura ba, ranar yake fara sauke numfashi.

Yadda za a yi tambayar shi ne abin lura. A keɓe shi, amma a inda ido ke iya gani, ƙarƙashin bishiya ko ofis da ƙofa a buɗe. Yarinya kuwa malama ta fi dacewa da ita. A ajiye bulala, a zauna, kada malami yana tsaye yaro yana durƙushe. A fara da abin da aka gani: "Ɗana, na lura tun rasuwar Baba ba ka cikin walwala, ga shi ka daina zama da abokanka. Me ke damun ka?" Sai a yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya a wurin malami, mu da aka horar mu yi ta magana. Idan abin da ya faɗa ya yi nauyi, a tambaye shi a fili: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka yi tunanin kashe kanka?" Idan ya ce e, kada a yi salati da ƙarfi a tara masa jama'a, kada a ce "Kai wane irin sakarai ne?", kada a buɗe masa wa'azin wuta nan take. A ce, "Na gode da ka gaya mini. Ba zan bar ka kai kaɗai da wannan ba." A tambaye shi ko ya shirya wata hanya, ko ya tanadi wani abu, ko ya sa rana. Wanda ya tanada kuma ya sa lokaci, hatsarinsa na yau ne, ba a barin sa shi kaɗai ko na minti biyar har sai an damƙa shi a hannun babba mai amana, an kuma kawar da abin da ya tanada.

Zai ce, "Malam, don Allah kada ka gaya wa kowa." Kada mu yi wannan alkawari. A gaya masa gaskiya: ba za a baza shi a ofishin malamai ba, ba za a faɗa a taron safe ba, amma dole a sami wani babba a gida da ma'aikacin lafiya. A bar shi ya zaɓi wa za a fara gaya wa. Wani lokaci uba shi ne tushen matsalar, sai a nemi kawu ko gwaggo ko kaka. Daga nan sai asibiti. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya kaɗan ne ƙwarai, kuma na jiharmu a birni suke, a Asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma ba sai an fara da can ba. A fara da asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Gaya, su duba, su tura gaba idan da buƙata. Iyaye da yawa da sun ji Dawanau sai su ce ai ɗansu ba mahaukaci ba ne. Aikinmu ne mu fahimtar da su cewa ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma masu shi suna warkewa su koma harkokinsu. Addu'a da rubutun sha ba sa hana zuwa asibiti, kamar yadda ba sa hana mu kai mai karaya wurin ɗori.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu a matsayinmu na mutanen karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu hallaka kansu a duniya da maganin ƙwari na gona suke yi. Mu duba gidajenmu. Lokacin feshin wake, ina ake ajiye ragowar magani? A ƙarƙashin gado, a kan taga, a cikin rumbu, wani ma a cikin robar lemo da babu rubutu. Abin da masana suka gano shi ne, ga matasa da yawa, tsakanin yanke shawara da aikatawa ɗan lokaci ne, wani sa'in bai kai awa guda ba. Idan a cikin wannan lokaci babu abin a kusa, zafin kan wuce, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ƙasar Siri Lanka ta gwada. Ta haramta magungunan ƙwari mafiya dafi, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta an tsirar da rayuka kimanin 93,000, noma kuma bai durƙushe ba. A nan gida, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da wani sanannen maganin ƙwari a ƙananan kwalabe da kuma a kasuwanni da kantuna, bayan mace-macen matasa da suka yi yawa a shekarar. Da gangan ba mu faɗi sunansa ba, kuma muna roƙon kada a riƙa faɗa a gaban ɗalibai. Kowa a nan ya san dokar ba ta iso teburin ɗan tireda na ranar kasuwa ba. Abin da ke hannunmu shi ne kwaɗo da makulli: na ɗakin ajiyar kayan gonar makaranta, na ɗakin gwaje-gwaje, da na gidajenmu. Malaman aikin gona su sa wannan a darasi, a kuma faɗe shi a kowane taron iyaye, ko ba a ambaci kashe kai ba, tunda ƙananan yara ma suna sha bisa kuskure.

Idan kuwa ta riga ta faru, an sha, to kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Wannan ɗabi'a tana tura abin cikin huhu ta ƙara ɓata lamari. A kwantar da shi ta gefe, a cire tufafin da maganin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take, a kan babur ko duk abin da aka samu. Kada a tsaya jiran mai gida ya dawo daga gona.

Dole mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya game da namu hannun. Karanta sunan na ƙarshe a aji a gaban makaranta ana ihu, korar yaro a gaban 'yan uwansa saboda kuɗin PTA da ba shi ya hana ba, laƙabin da malami kan laƙa wa ɗalibi ya bi shi har girma, da barin siniyoyi su yi yadda suka ga dama da ƙanana a ɗakin kwana da sunan horo: duk mun gani, wasunmu mun yi. Ba mu zo yin gardama a kan bulala yau ba, ra'ayoyinmu sun bambanta. Amma ciwon bulala kan warke da yamma, tozarci kuwa yaro kan kwana da shi shekaru. A watan Fabrairun 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana goma cikin gaggawa, har da sakandaren Ajingi da ta kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya. Kowa ya fahimci dalili, don hatsarin daga waje yake kuma ana ganin sa. Wanda muke magana a kansa yau a cikin aji yake zaune, ba ya da ƙarar bindiga.

Jarrabawa ma tana da nata. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura da ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Kafin wannan bayani ya fito, jaridu sun riga sun ruwaito rasuwar wata yarinya a Legas da ta hallaka kanta bayan ta ga makinta. Mu da muke ce wa yara rayuwarsu gaba ɗaya a kan takarda guda take, mu rage. Kafin sakamako ya fito ya kamata a gaya musu cewa akwai sake zama, akwai kwalejin ilimi, akwai sana'a, a nuna musu mutanen garin nan da suka faɗi sau ɗaya ko biyu kuma ga su suna riƙe da gidajensu. Makon fitowar sakamako, malamin aji ya nemi waɗanda ba su samu ba kafin ya taya waɗanda suka samu murna.

'Yan mata kuwa, sau da yawa abin da ke cin su a gida yake. Yarinyar da aka sa wa rana da wanda ba ta so, kunya ba za ta bar ta ta ce wa mahaifinta a'a ba, sai ta yi ta rama. Mutanen Gaya ba su manta da 2014 ba, lokacin da wata 'yar shekara 14 da aka aurar ta sa guba a abinci, mijin da wasu mutum uku suka mutu, aka yi ta shari'a har aka janye ƙarar a 2015. Ita waje ta juya abin; wasu kansu suke juya wa, ba a kuma jin labarinsu. Malama ba za ta raba aure ba, amma tana iya zuwa wurin uwa, tana iya neman liman ko mai unguwa ya sa baki tun ana iya gyarawa.

Wani zai ce ai mu Musulmi ne, addini ya haramta, magana ta ƙare. Haramcin gaskiya ne, yana cikin Suratun Nisa'i, kuma imani garkuwa ne babba ga yaranmu. 'Yan uwanmu Kirista ma haka abin yake a wurinsu. Sai dai yaron da ke cikin wannan hali ya san haramun ne, sanin ma yana cikin abin da ke hana shi faɗa, don yana tsoron a ce imaninsa ne ya yi rauni. Malaman addini da ke cikinmu sun fi mu sanin cewa Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiran ta shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan shi ne darasin da zai buɗe bakin yaro. Ta fuskar doka kuma, sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi hukunci ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyali su ɓoye maimakon su nemi magani. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, shekarar da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya wadda ta maye gurbin ta 1958. Mu dai matsayinmu a fili yake: yaron da ya yi yunƙuri majinyaci ne, asibiti za a kai shi, kuma idan ya warke ya dawo ajinsa ba tare da kora ko gori ba.

Mu koma kan abokin nan da ya je ofis. A wani babban bincike da aka wallafa a 2015, an bi ɗalibai kimanin 11,000 a makarantu 168 na ƙasashen Turai goma. An gwada horar da malamai, an gwada tantance ɗalibai ta hannun ƙwararru, an kuma gwada zama da ɗaliban kansu na awa biyar kacal, ana tattaunawa da wasan kwaikwayo a kan damuwa da yadda ake neman taimako. Na ukun nan ne ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi bayan shekara guda. Ajinsu ba irin namu ba ne mai yara tamanin ko ɗari, amma dalilin ɗaya ne: yaro abokinsa yake fara gaya wa. Sai mu koya musu cewa kai irin wannan magana wurin malami ba gulma ba ce, ba kuma cin amana ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da na muhawara da MSS suna nan, ba sai an nemi kuɗi daga ko'ina ba.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka rasa ɗalibi ta wannan hanya, makonnin da ke biye suna da hatsari ga abokansa, domin abin yana da naso. Kada a bayyana yadda ya yi, kada a yaɗa hoto ko wasiƙa a WhatsApp, kada a tsine masa a taron safe, kada kuma a mai da shi gwarzo. A je ta'aziyya kamar yadda ake zuwa ta kowa. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa Musulmi ne, ana yi masa wanka da salla. A zauna da 'yan ajinsu rukuni-rukuni, a sa ido a kan amininsa da ƙannensa, da malamin da ya yi masa faɗa na ƙarshe, don shi ma zai kwana yana tuhumar kansa. Mu ma mutane ne masu bashi da rashin lafiya da nauyin iyali, kuma duk alamomin da muka lissafa suna iya bayyana a kan abokin aiki da ke teburin kusa da namu.

Abin da kwamiti ke nema daga wannan taro kaɗan ne. Kowace makaranta ta fitar da malami ɗaya da malama ɗaya waɗanda yara suka saba da su, a sanar da ɗalibai sunayensu, a rage musu darasi ko biyu ne a mako don su sami lokacin zama. Inda babu malama, a nemi uwa ɗaya daga kwamitin SBMC. Kowane shugaban makaranta ya karɓi lambar ma'aikacin lafiya mafi kusa da ta mai abin hawa guda da za a iya tasa ko da dare, ya liƙa a ofis. A sa kwaɗo a ɗakin kayan gona kafin feshin wake ya kankama. Sakataren reshe zai zagaya da takarda yanzu. Shugabannin makarantu su rubuta sunayen mutum biyun kafin a tashi, wanda bai yanke ba ya aiko kafin Juma'a mai zuwa, don mu san adadin da za mu nema wa horo.